Tafiyar da Aikin Manhaja a Kamfanin Sadarwa: Darasi Daga M-Pesa ta Ƙasar Kenya

1.0 Gabatarwa

A wannan zamani da wuya a sami kamfani ko ma'aikata ko makarantar da ba ta shiga hidimar mayar da ayyukanta kan kwamfuta ba. Rajistar ɗalibai da biyan albashi da ajiyar sakamakon jarrabawa duk suna barin takarda suna komawa na'ura. Sai dai ba kowane yunƙuri irin wannan ne yake kaiwa gaci ba. Sau da yawa akan kashe maƙudan kuɗi a sayo kayan aiki, a ƙarshe ma'aikata su koma wa tsohon littafinsu.

Wannan babi zai yi bayanin yadda ake tafiyar da irin wannan aiki ta hanyar bin diddigin misali guda, wato M-Pesa, tsarin aikawa da kuɗi ta wayar salula wanda kamfanin Safaricom na ƙasar Kenya ya ƙaddamar a shekarar 2007. An zaɓi wannan misali ne saboda abin da aka damƙa wa manhajar kuɗin talakawa ne, kuma kuskure kaɗan yana iya raba mutum da guminsa. Ana sa ran ɗalibi zai fahimci matakan da aikin ya bi, ya kuma lura da yadda ake bayanin al'amuran fasaha da harshen Hausa, domin aiki ne da ke jiran sa a aji.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kalmar manhaja ararriya ce daga Larabci, inda take nufin hanya ko tsarin da ake bi. Malaman makaranta sun daɗe da saninta da ma'anar tsarin darussan da za a koyar a shekara ko zango. Da kwamfuta ta shigo, sai aka faɗaɗa ma'anarta ta ƙunshi jerin umarnin da ake rubuta wa na'ura domin ta aiwatar da wani aiki. Dangantakar ma'anonin biyu a fili take: kamar yadda malami ke bin manhaja daki-daki, haka na'ura ke bin tata.

Idan aka ce aikin manhaja kuwa, ana nufin wani shiri mai farko da ƙarshe, wanda aka ware wa kuɗi da ma'aikata da wa'adi domin a samar da manhajar da za ta biya wata buƙata. Jagoran irin wannan aiki kullum yana auna abubuwa uku, wato lokaci da kuɗi da girman abin da ake son ginawa. Idan aka taɓa ɗaya, sauran biyun sai sun motsa. Mai ginin da ya ce a ƙara masa ɗaki biyu bayan an zuba harsashi ya san ko dai kuɗi su ƙaru, ko ranar tarewa ta ja baya.

Akwai kuma bambanci tsakanin kwafe abin da ke takarda zuwa kwamfuta da sauya yadda ake gudanar da aikin kansa. Na farko sauyin mazubi ne kawai. Na biyu shi ne ake kira sauyi zuwa tsarin na'ura, domin yakan taɓa ɗabi'ar ma'aikata da abokan ciniki, har ma da dokokin ƙasa. M-Pesa tana cikin kashi na biyu.

3.0 Asalin M-Pesa

Sunan ya samu ne daga harafin M, wanda ke wakiltar kalmar Ingilishi mai nufin wayar tafi-da-gidanka, da kuma kalmar pesa ta harshen Suwahili mai ma'anar kuɗi. A shekarar 2003 wani ma'aikacin kamfanin Vodafone na Birtaniya mai suna Nick Hughes ya nemi tallafi daga ma'aikatar raya ƙasashe ta gwamnatin Birtaniya, DFID, domin a gwada amfani da waya wajen kai hidimar kuɗi ga waɗanda ba su da asusu a banki. Ma'aikatar ta bayar da kimanin fam miliyan ɗaya, kamfanin Vodafone ya sanya kwatankwacin haka. An zaɓi Kenya ne saboda Vodafone yana da hannun jari a Safaricom tun shekarar 2000. A shekarar 2005 aka tura Susie Lonie zuwa Nairobi domin ta jagoranci aikin a fili.

Halin da ake ciki a lokacin shi ne, bankuna sun taru a birane, akasarin jama'a kuma ba su da hulɗa da su. Ɗan ci-ranin da ke aiki a Nairobi idan zai aika wa iyalinsa kuɗi a ƙauye, sai ya ba wani mai tafiya gida, ko direban motar haya, ko ya bi ta gidan waya. Kowace hanya da matsalarta, daga tsada da jinkiri har zuwa ɓatan saƙo.

Abin lura a nan shi ne, ba wannan matsala aka fara nufin warwarewa ba. Manufar farko ita ce a taimaki cibiyoyin ba da ƙananan rance wajen raba bashi da karɓarsa ta waya. Saboda haka aka ƙulla haɗin gwiwa tsakanin Safaricom da wata cibiyar rance mai suna Faulu Kenya da kuma bankin Commercial Bank of Africa.

Shawara ta farko mai nauyi da jagororin aikin suka yanke ita ce ko a sayi manhajar da ke kasuwa ko a gina sabuwa. Manhajojin banki na lokacin an yi su ne domin bankunan ƙasashen Turai, inda mai asusu ke da kati da reshen banki kusa da gida. Sai aka ba wani ƙaramin kamfani na yankin Kambirij a Ingila, mai suna Sagentia, kwangilar gina sabuwa tun daga tushe. Shawara ta biyu ita ce a ɗora jerin zaɓin M-Pesa a cikin katin layin waya, a kuma riƙa isar da umarni ta gajeren saƙo. Da haka kowace ƙaramar waya za ta iya aikin ba tare da intanet ba. Wannan ya nuna an fara ne da duba abin da ke hannun jama'a, sannan aka ƙera manhaja daidai da shi.

4.0 Matakin Gwaji

An fara gwaji a watan Oktoba na shekarar 2005 da mutane kusan 500 daga cikin masu cin bashin Faulu, da wakilai 8 a tsakiyar Nairobi da unguwar Mathare da garin Thika. Hikimar gwaji ita ce a bar kuskure ya bayyana tun yana ƙarami, kafin a buɗe ƙofa ga miliyoyin jama'a. Hausawa na cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, to gwaji shi ne koyon rawar a cikin gida kafin a fita dandali.

Matsalolin da suka fara fitowa akasarinsu na mutane ne. Masu shaguna da aka naɗa wakilai sun yi ɗari-ɗari da miƙa tsabar kuɗi ga baƙo don kawai wani saƙo ya shigo waya. Da yawa daga cikin masu cin bashin sun iya kira da amsawa, amma ba su saba da shiga jerin zaɓi ba, sai da aka yi ta maimaita horo. A ɓangaren Faulu kuma, lissafin ofishinta a takarda yake, don haka daidaita shi da bayanan da ke fitowa daga na'ura ya zama ƙarin wahala. Bugu da ƙari, tsarin rancen ya dogara ne a kan taron mako-mako na ƙungiyoyin masu cin bashi. Da mutane suka ga za su iya biya daga inda suke, sai halartar taron ta ragu, abin da bai yi wa cibiyar daɗi ba.

Muhimmin abin da gwajin ya haifar ya fito ne daga bibiyar yadda kuɗi ke yawo a cikin tsarin. Masu aikin sun lura mutane suna yin abubuwan da ba a tsara ba. Wani yakan biya wa wani bashi. 'Yan kasuwa sukan biya juna kuɗin kaya. Wasu sukan zuba cinikin yini da yamma su cire da safe, wato sun mayar da wayar asusun kwana. Matafiyi yakan zuba kuɗi a Nairobi ya cire a Thika don gudun ɓarayin hanya. Da aka ƙara damar sayen katin kira, sai mutane suka riƙa saya wa 'yan uwansu na ƙauye.

5.0 Sauya Alƙibla

A nan ne jagorancin aikin ya fuskanci babbar jarrabawa. An karɓi tallafi da sunan biyan rance, an kuma gina manhaja a kan haka, ga shi jama'a sun nuna wata buƙata dabam. Jagoran da ya ɗauki takardar shiri a matsayin abin da ba ya taɓuwa zai ga waɗannan ɗabi'u a matsayin saɓa ƙa'ida, ya nemi toshe su. Masu M-Pesa sun ɗauke su a matsayin bayani daga bakin masu abu. Bayan kammala gwaji a shekarar 2006, sai aka ajiye batun rance gefe, aka rage sarƙaƙiyar manhajar, aka tsayar da ita a kan ayyuka kaɗan: zuba kuɗi, aikawa, cirewa da sayen katin kira. Tallar da aka yi wa tsarin ma saƙo ɗaya ta ɗauka, wanda ma'anarsa ita ce a aika kuɗi gida.

An ƙaddamar da M-Pesa a watan Maris na shekarar 2007. Shugaban Safaricom na lokacin, Michael Joseph, ya ɗora wa ma'aikatansa burin samun mutum miliyan ɗaya a shekarar farko, aka kuwa cim ma wannan adadi tun shekarar 2007 ba ta ƙare ba. Tsayuwar shugaban kamfani a bayan aiki tana da tasiri ƙwarai, domin sabon shiri yakan yi gogayya da tsofaffin sassa wajen neman kuɗi da ma'aikata. Idan babu mai faɗa a ji da ya rungume shi, yakan mutu a teburin taro.

6.0 Wakilai da Amana da Hukuma

Domin a gane nauyin da ke kan wakili, ya kamata a san yadda tsarin ke aiki. Wakili yakan fara ajiye kuɗinsa a banki, sai a ba shi daidai wannan adadi a matsayin kuɗin na'ura a wayarsa. Idan abokin ciniki ya kawo tsaba, wakili ya karɓa ya tura masa kuɗin na'ura. Idan cirewa ya zo yi, sai a yi akasin haka. Kowane ɓangare yana samun saƙon tabbaci, kuma ba a motsa ko sisi sai da lambar sirri. Mai karatu da ya saba da masu POS a unguwarsa zai gane wannan hoto cikin sauƙi.

Matsalar da ke tattare da wannan ita ce ta daidaito. A birni masu zubawa sun fi yawa, don haka kuɗin na'urar wakili kan ƙare. A ƙauye masu cirewa sun fi yawa, don haka tsabarsa ce ke ƙarewa. Tsohuwar da ta yi tafiya mai nisa ta tarar wakili ba shi da kuɗi ba za ta damu da ingancin manhaja ba, abin da za ta faɗa a gida shi ne abin nan ba ya aiki. Saboda haka kamfanin ya ba da ƙarfi wajen zaɓen wakilai da horar da su da biyan su lada a kan kowace hulɗa da kuma kai musu ziyarar duba aiki. Ya fara da dillalan katin kira da ya riga ya sani, daga baya aka shigo da bankuna domin wakilai su riƙa musayar tsaba da kuɗin na'ura a rassansu.

Ta fuskar amana, an tsara cewa kuɗin jama'a ba za su gauraya da na kamfani ba. Ana ajiye su ne a asusun amana a banki, kuma dole jimillar kuɗin na'ura da ke yawo ta yi daidai da abin da ke cikin asusun. Ko da kamfani ya shiga matsala, dukiyar jama'a tana nan a keɓe.

Ta fuskar hukuma kuwa, a lokacin babu dokar da ta yi tanadin irin wannan hidima a Kenya. Masu aikin sun je wa Babban Bankin Kenya da bayani tun kafin ƙaddamarwa, bankin ya bincika, sannan ya ba da takardar cewa ba shi da ja. A ƙarshen shekarar 2008, lokacin da bankunan kasuwanci ke ƙorafi, muƙaddashin ministan kuɗi John Michuki ya ba da umarnin a binciki tsarin. Sakamakon da aka bayyana a farkon 2009 ya nuna tsarin yana da inganci. Da an ɓoye wa hukuma tun farko, da wannan bincike yana iya zama ajalin aikin. Sai a shekarar 2011 aka kafa dokar tsarin biyan kuɗi ta ƙasa.

7.0 Ƙaurar Shekarar 2015

Nasara ma tana zuwa da nata nauyin. Manhajar da aka gina domin gwajin mutum 500 ta wayi gari tana ɗauke da miliyoyi. A shekarar 2009 aka miƙa kula da ita ga kamfanin IBM. Haka kuma an yi ta ɗora mata sababbin ayyuka, kamar M-Shwari na ajiya da rance a 2012, da Lipa na M-Pesa na biyan kuɗin kaya a shaguna a 2013. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a wancan lokacin manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan suna ƙasar Jamus ne. Idan mutum ya aika wa maƙwabcinsa kuɗi a Nairobi, sai umarnin ya je Turai ya dawo. Duk lokacin da hanyar sadarwa tsakanin nahiyoyin biyu ta sami tangarɗa, sai ciniki ya tsaya a Kenya.

Saboda haka aka yanke shawarar gina sabon tsari tare da kamfanin Huawei na ƙasar Sin, a kuma girke kwamfutocin a cikin Kenya. An yi ƙaurar a wani ƙarshen mako na watan Afrilun 2015. An sanar da jama'a tun da wuri, aka dakatar da hidima daga daren Asabar zuwa ranar Lahadi, aka kwashe bayanan asusun miliyoyin mutane zuwa sabon gida. Sabon tsarin yana iya ɗaukar hulɗa kusan 900 a cikin daƙiƙa ɗaya a lokacin.

Irin jagorancin da wannan mataki ke buƙata ya sha bamban da na lokacin gwaji. A 2005 ana neman sanin abin da jama'a ke so, don haka sassauci da saurin sauya ra'ayi su ne abin yabo. A 2015 an riga an san abin da ake so, abin da ya rage shi ne kada kuɗin kowa ya ɓace a hanya. A ƙa'idar irin wannan ƙaura, akan dakatar da duk wani sabon gyara a tsohuwar manhaja, a yi atisaye da kwafen bayanai sau da yawa, a rubuta aikin kowane mutum da lokacinsa, a zaɓi sa'ar da ciniki ya fi ƙaranci. Bayan kwashewa akan gwada jimillar kuɗin da ke tsohon tsari da ta sabo, sai sun yi daidai kafin a buɗe. Akan kuma tanadi hanyar komawa baya idan abu ya ƙi. Jagoran da ya kawo sassaucin gwaji a ranar ƙaura zai jawo asara, kamar yadda wanda ya kawo tsaurin ƙaura a lokacin gwaji zai kashe basira.

8.0 Tasiri da Iyaka

Binciken FinAccess, wanda Babban Bankin Kenya ke cikin masu gudanar da shi, ya nuna cewa manyan mutanen da ke samun hidimar kuɗi ta hukuma sun tashi daga kashi 26.7 cikin ɗari a 2006 zuwa kashi 83.7 a 2021, kuma kuɗin waya ne babban dalili. Wani nazari da Tavneet Suri da William Jack suka buga a mujallar Science a 2016 ya ƙiyasta cewa M-Pesa ta taimaka wajen fitar da gidaje kusan 194,000 daga ƙangin talauci, wato kimanin kashi 2 cikin ɗari na gidajen ƙasar. Akwai masanan da suka yi jayayya da hanyar da aka bi wajen wannan ƙiyasi, wasu kuma suna nuna damuwa a kan yadda rancen waya ke jefa mutane cikin bashi.

Haka nan tsarin bai karɓu a ko'ina ba. Kamfanin Vodacom ya kai shi Afirka ta Kudu a 2010, ya sake masa fasali a 2014, amma ya rufe shi a 2016 saboda ƙarancin masu amfani da shi. A can akasarin jama'a suna da asusun banki da katin cirar kuɗi, wato ƙishirwar da ta sa mutanen Kenya suka rungumi tsarin babu ita. An kuma rufe shi a Romaniya da Albaniya da Indiya. A Nijeriya, Babban Banki ya daɗe bai ba kamfanonin waya damar jagorantar irin wannan hidima ba. Sai a 2018 ya fitar da ƙa'idar bankunan biyan kuɗi, wadda a ƙarƙashinta MTN da Airtel suka buɗe nasu a 2022. Wannan ya tabbatar da cewa ana iya ɗaukar manhaja daga wata ƙasa zuwa wata, amma buƙatar jama'a da dokar ƙasa kowane wuri da nasa.

9.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa rubuta manhaja kashi ɗaya ne kawai na aikin. Sauran sun haɗa da sauraren masu amfani da ita, da horar da waɗanda za su tsaya tsakaninta da jama'a, da tsare amanar dukiya, da tafiya tare da hukuma. An kuma ga cewa kowane mataki da irin jagorancin da ya dace da shi. M-Pesa ta rayu ne saboda masu ita sun yarda su bar shirinsu na farko a 2006, sun kuma ƙi yarda a kauce wa shiri ko da taku ɗaya a 2015.

Malamin gobe zai tarar da ƙaramin misalin wannan a makarantarsa, ranar da aka ce a mayar da rajista ko sakamakon jarrabawa kan kwamfuta. Abin da ya kamata ya tambaya shi ne: an gwada da aji ɗaya tukuna? An horar da waɗanda za su shigar da maki? Idan wuta ta ɗauke ko na'ura ta lalace, ina kwafen bayanan yake? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce za ta nuna ko sakamakon yaro zai tsira ko zai salwanta.

Tambayoyi

1. Yi bayanin yadda ma'anar kalmar manhaja ta faɗaɗa, sannan ka kawo wasu kalmomin Hausa uku da suka sami irin wannan faɗaɗawa saboda shigowar fasahar sadarwa.
2. Mece ce manufar farko ta M-Pesa, kuma waɗanne abubuwa aka lura da su a lokacin gwaji da suka sa aka sauya ta?
3. Me ya sa tsabar kuɗi ke ƙare wa wakilin ƙauye, kuɗin na'ura kuma ke ƙare wa na birni?
4. Kwatanta irin jagorancin da aka buƙata a 2005 da wanda aka buƙata a 2015.
5. Tsara darasi na minti 40 ga 'yan aji uku na ƙaramar sakandare a kan yadda ake aikawa da kuɗi ta waya, ba tare da ka yi amfani da kalmar Ingilishi ba sai wadda ta riga ta zama ararriya.